Kwana Tara na Mai Guga

A kan bencin jiran magani, wata mai guga tana ta juya ambulan ɗin kuɗi a hannu. Dattijon da ke gefenta, mai gidan burodi, ya kasa haƙuri.

"'Yata, za ki yaga takardar nan."

"Albashina ne, Baba. Na sanar zan bar aiki ƙarshen wata, sai aka kwantar da mahaifiyata. Kwana tara ban taɓa dutsen guga ba, amma uwar ɗakina ta biya ni cif, Allah ya saka mata. Da shi zan sayi maganin yau."

"Kuskure ta yi. Mai tafiya in ya yi fashi, ba shi da haƙƙi. Mai kwaɓa mini fulawa ya yi haka, na yanke masa kwana huɗu."

"Ai na koma in mayar mata. Ta ce shekara shida ina riga kowa zuwa ba ta ƙara mini ko sisi ba, kar in koya mata lissafi yanzu."

Ta juyo ta dubi dattijon.

"Naku mai kwaɓa fulawar, shekararsa nawa yana muku aiki, Baba?"

"Sha ɗaya." Ya lalubo wayarsa, ya miƙe. "Kin cika tambaya. Riƙe mini wurina, in kira shi."