Asidar Uban Mazin

Tashar Kamlin, da azumi, bayan la'asar. Mazin na cikin mota shina ta murzar waya. Dattijon kusa da shi ya ce, "Lahiya, ya zol, bawan Allah?"

"Ina lahiya, Baba? Masu karɓar bashi za su gidanmu yau su ɗauke injin ban ruwa. Tsohona bai san na jinginar ba."

Dattijo ya gyara jaka. "Kai ne Mazin? Ni anka aiko. Direba, mu tahi mana! In magariba ta riske ni, mutanenku kan tabarmar buɗa baki za su ja ni. In na ci asidar ubanka, da wane hannu zan taɓa injin nai?"

Mazin ya dubi rana. "Direba, dakata! Kakata na tahe, da sanda take tahiya."

Kakar nan kuwa ta daɗe a kabari.