Bindigar Usuman da Hanyar Famfo

"Umma, da gaske mutumin nan harbe mu ya so yi?" Mastura ta tambaya da ƙarfi, suna zaune a bencin mata na mahkamar Jidda.

Mahaifiyarta Jamilatu ta toshe mata baki, amma dattijuwar da ke gefensu ta riga ta ji.

"Wa zai harbe ku, 'yata?"

Jamilatu ta ce, "Wani Usuman ne a unguwar Bani Malik, Hajiya. Katanga ya gina ya toshe mana hanyar famfo. Da muka taru a ƙofarsa da garewaninmu, sai ya fito da bindiga, wai filinsa ne."

"Me alƙali ya yanke?"

"Fili nasa ne, amma a buɗe hanya. Bindigar kuma an karɓe, halas, magana ta ƙare."

"Alhamdulillahi. Ai dama babu harsashi a cikinta."

"Hajiya, ya aka yi kika sani?"

"Ni na kwashe su na tura cikin buhun shinkafa, tun ranar da ya fara ginin. Na san halin mijina."

Jamilatu ta jawo Mastura ta rungume, tana sauke ajiyar zuciya.

Ke mai goyo, kada ki kai ɗanki wurin rigima. Ba kowane mai bindiga ke da mata irin wannan ba.