Lahadin da Malam Lawan Ya Biya Ni

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda bai gaji da ni ba ko da na gaji da kaina.

Sunana Bitrus. Yawancinku kun san ni da gyaran rediyo a bakin tashar Gwarzo, wasu kuma sun san ni da abin da ya fi haka muni. Amma kafin nan ni ma'aikacin hasumiya ne a filin jirgin sama. Mu ne masu ce wa wannan jirgi ya sauka, wancan ya dakata. Titin jirgi ɗaya ne, mai tashi da mai sauka duk shi suke bi, aikinmu kuwa mu bar tazara tsakaninsu. In tazarar nan ta ɓace, sai dai a kwashi gawa.

Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata, muka koma mu biyu a kan aiki, ɗaya yana magana da matuƙa jirgi, ɗaya yana ɗaukar waya. Abokin aikina Malam Lawan ne, mutumin Kabo. Muka ƙulla wata yarjejeniya ba da sanin ofis ba: ran Juma'a ya tafi masallaci in riƙe masa, ran Lahadi in tafi sujada ya riƙe min. Mun daɗe a haka, ko ka-ce-na-ce ba mu taɓa yi ba.

Wata Juma'a ina ni kaɗai, wani jirgi yana gangarowa zai sauka, wani kuma yana bakin titi yana jiran izini. Sai waya ta hau ƙara. Oga ne, yana ta faɗa wai don me na shanya babban mutumin da ke cikin jirgin da ke jira a rana. Kunne ɗaya a waya, ɗaya a rediyo, na ce wa mai jiran ya hau titi ya tashi. Ko da na ɗaga ido, mai saukar ya riga ya iso. Allah ne ya buɗe idon matuƙinsa! Ya fasa sauka, ya ja sama ta kan ɗan'uwansa da wata ƙara da har yau nake jin ta a ƙirjina. Babu wanda ya ko ƙwarzane.

Aka kafa kwamiti. Oga ya rantse bai kira kowa ba. Aka tambaye ni ina abokin aikina yake a lokacin. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci ce, kowa a ɗar-ɗar, na san in na ce yana masallaci maganar za ta bar jirgi ta koma wai Kirista ya kai ƙarar mai salla. Sai na ce ya zaga ne. Na dubi Malam Lawan ina jira ya buɗe baki, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ni aka kora.

Ba zan ɓoye muku ba, na tsani mutumin nan. Na dawo gida da ɗaci kamar na haɗiyi maɗaci. An ce an hana giya a jihar nan ko? Ku tambaye ni, na san duk inda ake dafa burukutu daga Mainika har Gude. Lahadi kuwa na ce ba ni ba ita, tunda garin neman ta na rasa abincina. Sai in buɗe shago da gangan lokacin da kuke waƙa.

Matata Saratu ta yi kuka har ta gaji. Ran nan ta durƙusa a tsakiyar shagon ta ce ba za ta tashi ba sai na yi addu'a. Na yi, amma da fushi. Na ce wa Ubangiji in yana so na a gidansa, to ya fara biyana abin da aka ci min.

Ba a jima ba, wata Lahadi da hantsi sai ga babur ya tsaya. Malam Lawan ne, ya yi ritaya, gemu duk furfura. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ni kuwa na ci gaba da gyaran rediyona.

Ya ce, "Malam Bitrus, Juma'ar nan da ka riƙe min a hasumiya, ban biya Lahadinta ba. Tashi ka je coci, ni zan zauna maka a shago."

Na ce, "Shekarun da na rasa fa?"

Ya ce, "Waɗannan ba ni da su. Lahadi kaɗai nake da ita."

Na fita ne don kada in ga fuskarsa, ba don Allah ba. Amma ƙafata ta kawo ni nan, na zauna a bencin baya can na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kore ni. Tun daga ranar ban sake ɗaga ƙwaryar giya ba. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

Kada ku ce komai ya gyaru. Aiki bai dawo ba, oga ƙarin girma ya samu, in jirgi ya wuce sama har yanzu raina yakan yi ɗaci. Amma ɗacin ya daina riƙe ni.

Na gode wa Yesu. Kai da aka zalunta, ka dogara gare shi, ko da fushi ne ka yi masa magana, yana ji. Yanzu haka da nake tsaye a gabanku Malam Lawan yana shagona yana tsare min, mutumin da ko fis ɗin rediyo bai iya canzawa ba. Amin.