Ko Zai Ambace Ni

A ɗakin jira na filin jirgi, wani dattijo ya ƙura wa tambarin jakar matashiyar da ke gefensa ido.

"Taron masana tattalin arzikin nan na duniya za ki? Ƙungiyar da kowa ke zuwa da nasa ra'ayin?"

"Can za ni, Baba. Ka san su?"

"Sarai. Duk wanda lissafi ya kayar, can yake rugawa a tafa masa."

"Ai kuwa babban mai jawabin bana gwanin lissafi ne. Shi ya yi bincike kan aikin gidan da mata ke yi ba albashi."

"Ɗalibina ne. Ni na koya masa riƙe alli. Batun ma a ofishina ya fara jin sa, daga bakina."

"To, me ya hana ka rubutawa?"

"Ina na ga lokaci? Ina can ina gyara masa nasa."

Aka kira jirginta, ta miƙe.

"In gaishe maka da shi?"

"A'a. Ki dai kasa kunne, 'yata. In ya zo wajen godiya, ki ji ko zai ambace ni."

"Ai ban san sunanka ba, Baba."

Dattijon ya kau da kai.

"Je ki abinki. Ba zai ambata ba."