Wasan Gobirawa a Tashar Ƙaura

Akuyar Inna anka sayar a kasuwar Sabon Birni, da kuɗinta nib bar Tsamaye za ni ci-rani Badun. Kai Sanusi, aje wayar nan, da ku yara nike magana.

Lokacin ba mashin ko ɗaya. Motar itace ta kai ka Isa, wata ta kai ka Shinkafi, sannan Ƙaura, inda dogo ya ƙare. Tashar kuwa tun ta Turawa ce, jan kwano, ga ƙararrawa rataye. Dakalin da ake jiran jirgi wai sunansa "falatfom". Dakali dai, don iyayi.

Kun san tsakaninmu da Yarbawa akwai wasa. Baba ya sha gaya mini duk inda Bagobiri yag ga Bayarabe bawansa ne, ya zage shi son rai, ba mai fushi. An kuma ce ma'aikatan reluwe duk Yarbawa ne. To ni da ban taɓa ganin Bayarabe ba, bakina har ƙaiƙayi yake.

Ina sayen tikiti sai ga wani ƙato da kaki da usur. Nit tare shi, nit tuɓe mai hula, nic ce bawa ya zo ya ɗauki buhun ubangidansa.

Ashe mutumin Binuwai ne, bai san wani wasa ba. Ya damƙe wuyan rigata, ya karɓe tikitin, ya ce a kira ɗan sanda. Ga jirgi yana huci, an ce in ya tashi sai wani mako. Wallahi tsoro ya kama ni. Ba ɗan sandan nike ji ba, komawa Tsamaye nike ji, ba akuya, ba Badun.

Sai wata mata mai ƙaton ɗankwali ta ratso mutane. Mama Sikira, Bayaraba ce, fataucin busasshen barkono take. Ta dubi tsagen fuskata ta tafa hannu.

"Wa ya taɓa mini bawa? Tun safe nake neman jakin nan."

Ta ja mutumin gefe tana nuna kanta da yatsa, alamar ban cika hankali ba. Ni kuwa dole in yi shiru, har da sakin baki. Ya maido tikitin yana tsaki. Buhunan barkononta duk ni nil loda su, ina atishawa tana cewa bauta gadona ce.

A rumfarta niy yi rani a Badun. Ni ne dako, ni ne gadi. Kullum sai mun yi, ta ce Gobirawa kyanwa ta yakushe su, in ce Yarbawa da barkono anka yi musu wankan jego. Da masassara ta kayar da ni, ita ta yi jinyata, tana zagi tana ba ni koko a baki.

Da damina ta matso ta rako ni tasha, ta sa mini turmin atamfa cikin buhu, wai a kai wa uwar bawa. Zuciyata ta karye. Nid durƙusa gaban mutane ina yi mata godiya.

Ta ɗaure fuska.

"Tashi. Bagobiri ba ya yi mini godiya. Zage ni ka hau jirgi."

Nib buɗe baki, yara, duk zagin da nis sani ba wanda ya fito. Jirgi ya ja, tana biye da taga tana cewa ragon bawa, tana share ido da bakin zane.