Rabi ta samu mastar, ni an ce sai baɗi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, malamar lekkol, wato makaranta, a Matameye.

Ni da ƙawata Rabi tare muka nemi shiga mastar a jami'a, fannin koyar da yara kurame. Makina na lisans, wato digirin farko, ya fi nata. Amma cikin sharuɗɗan, sai mutum ya nuna ya iya maganar hannu. Ranar gwaji aka kawo mini wata yarinya kurma, tana ta motsa yatsu, ni kuwa ban gane komai ba. Ita Rabi ƙanenta Sani kurma ne, da hannu suka tashi suna hira. Tana shiga suka hau dariya da yarinyar.

Aka ɗauki Rabi, ni aka ce sai baɗi.

Wallahi ƙyashi ya hana ni zuwa yi mata barka. Jiya ta zo har gida ta ce, "Hadiza, ki riƙa zuwa wurin Sani, ni da shi mu koya miki."

Na ce to, amma raina na tafasa. Masu sauraro, in daure in zama ɗalibarta, ko in canza fanni?

Ina gaida malaman Yauri. Ita ma Rabin, a gaishe ta.