Wata Uku Ba Murya, Sai Na Fara Ji

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena da 'yan'uwana. Ni ce Rifkatu, mai bandar kifi a Lolo. Wanda bai san fuskata ba ya san muryata, don na daɗe ina ba da waƙa a ƙungiyar mawaƙanmu.

Zan faɗi gaskiya a gaban Allah: a lokacin ba yabonsa nake yi ba, kaina nake nunawa. A ganina waƙa mai kyau ita ce wadda kowa ya bi muryata sak. In na ji wani ya yi ƙasa da ni, sai in ɗauka ya ɓata hanya.

Mama Saratu, ga ta nan zaune a gaba, ita ta fi shan wuyata. Kullum tana bin wata hanya ƙasa-ƙasa, ni kuwa in juyo in harare ta. Ran nan a gaban kowa na ce mata, "Mama, in ba ki iya ba, ki riƙa tafi kawai." Shugaban mawaƙa, Malam Bulus, ya ce, "Haba Rifkatu, mi ya kawo wagga magana? Murya ta biyu ce take yi." Na ce ni ban san wata murya ta biyu ba. Daga ranar Mama ta rufe bakinta, sai tafi.

Bara, hayaƙin banda da ihun kiran masu saye suka gama da maƙogwarona. Na wayi gari na buɗe baki, sai iska! Likita ya ce wata uku ba magana ba waƙa, kuma ko na bi dokar bai yi mini alkawarin komai ba. Na ji tsoro ƙwarai. A kasuwa da yatsu nake ciniki, a coci kuma na koma bencin baya ina haɗiyar baƙin ciki.

Ana cikin haka 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, daga Benin, suka zo muka yi sujada tare. Mawaƙansu suka miƙe, ba ganga ba kacau-kacau, cikin wani harshe da ba na ji. Maza suka kama ƙasa, mata suka hau sama, wasu kashi biyu suka ratsa tsakiya. Hanya huɗu daban-daban, amma abu ɗaya ke shiga kunne. Kai, jama'a! Tsigar jikina ta tashi. Ban taɓa sanin bakin ɗan adam zai iya fitar da abu haka ba.

Kusa da ni akwai wata mata a cikinsu. Na kasa kunne, sai na ji tana bin hanyar nan ta ƙasa-ƙasa, daidai irin ta Mama Saratu. Da ta tsaya shan numfashi, waƙar ta zama kamar miya ba gishiri. Ashe abin da na kashe a ƙungiyarmu ke nan!

Nan a kan benci na yi addu'a ba murya: Ubangiji, ka gafarta mini. Ko ba ka mayar mini da tawa ba, ka mayar wa Mama da tata.

Da aka tashi na bi Mama gida, na durƙusa na riƙe ƙafarta ina hawaye. Ta ce, "Tashi, ɗiyata, na ji abin da kika ce." Ni da ban ce uffan ba! Ta ɗora hannuna a ƙirjinta, ta soma rera murya ta biyu a hankali. Haka na riƙa zuwa ina saurare har wata ukun suka cika.

Muryata ta dawo, yabo ga Ubangiji! Amma ba ta dā ba ce. Saman nan da nake taƙama da shi ya tafi, ta sauko ƙasa, daidai inda ta Mama take. Malam Bulus ya tsayar da ni kusa da ita, ya ce, "Kunne ɗaya naki, ɗaya na maƙwabciyarki."

Ran Lahadin da ta wuce muka yi waƙa tare, ni da Mama. Da muka koma gida maigidana ya ce, "Yau waƙa ta yi daɗi, amma ban ji ki ba. Kin yi kuwa?" Na ce na yi, daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba.

Na gode wa Yesu da ya rufe mini baki har kunnena ya buɗe. Ɗan'uwa, in ya karɓi wani abu a hannunka, kada ka fid da rai, ka dogara gare shi. Mama, taso mu yi musu. Halleluya!